Seti Goma da Ba a Goge Bayansu Ba

Akwai wata baiwar Allah da duk unguwarsu ke kira Mai Gwangwani. Ba gori ba ne, sana'arta ke nan: 'yan kunne take yi da gwangwanayen da mutane suka jefar.

Na madara, na tumatir, na lemo, duk ba ta raina su. Sai ta wanke, ta tsaga da almakashi, ta miƙar da guduma, ta yanko siffar ganye ko ƙaramin kifi, ta huda da ƙusa, ta sa waya, ta shafa fenti. In kuka gani a kunnen mace, sai ku rantse daga babban kanti ya fito.

To amma duk wannan wasa ne. Aikin da ke cin ranta shi ne gugar baki. Gwangwani in an yanke shi, gefensa reza ce. Dole ta bi kowane gefe da magagari, gaba da baya, ta goge ta sake gogewa, sannan ta ja shi a fatar hannunta ta ji ko yana karta. Yanka minti biyu ne, guga kuwa sai ta ci minti ashirin. Shekara bakwai tana wannan, yatsunta duk sun yi kanta.

Wata Hajiya mai shagon kayan mata a kasuwa ce ke karɓar kayanta. Wani mako ta ce tana son seti arba'in ranar Alhamis da safe.

Laraba da la'asar ta yi, talatin kawai ta gama. Goma na zube a tire, an yanke amma ba a goge ba. Bayanta ya riƙe, idanunta na ruwa, babban yatsanta ya kumbura har magagarin na suɓucewa. Ga wanki a baho tun safe, ga tukunya ba ta ɗora ba. Ta gaji, irin gajiyar da mutum ke jin haushin hannunsa.

Maƙwabciyarta mai ɗinki ta leƙo neman aron almakashi, ta tsaya tana kallonta.

“Yaya, ke kam kina son wahala. Wa ke juya ɗan kunne ya duba bayansa? Ni in na ɗinka riga, gaban nake gyarawa. Cikin kuwa, Allah ya rufa asiri.”

“Bayan ma yana yanka,” in ji Mai Gwangwani.

“Ya yanki wa? Iska? Ai a rataye yake, ba ya taɓa kowa. Goge gaban ki shafa fenti, ki je ki miƙe bayanki.”

Maganar ta shige ta, don mai gajiya ba ya rasa hujja. Ta goge gefen gaba sama-sama, ta bar na baya, ta shafa fenti mai kauri ya rufe. Ta haɗa su da sauran a leda ɗaya. Duk goman kore ta yi musu, don shi ya rage a kwalba.

Ranar Asabar wayarta ta yi ƙara. Hajiya ce, ko gaisuwa babu. “Ki zo shago yanzu.”

Da ta isa, ta tarar da wata matashiyar mata zaune a benci, jariri a cinyarta ya yi kuka har muryarsa ta dushe. An naɗe masa yatsu biyu da bandeji. A kan kanta kuwa ga koren ɗan kunne mai siffar ganye.

“Goya shi na yi,” in ji matar. “Kin san hannun yaro. Daga baya ya miƙo ya damƙi abin ya ja. Ban sani ba sai da na ji ɗumi a wuyana.”

Mai Gwangwani ta ƙura wa ɗan kunnen ido. Ita da maƙwabciyarta sun yi tunanin mai saye, sun yi tunanin mai kallo. Babu wadda ta tuna da wanda ke zaune a bayan uwa, wanda bayan ɗan kunnen kaɗai yake gani.

Hajiya ta so ta rufa mata. “Ƙila tsautsayi ne, ɗaya ne ya kuɓuce mata. Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin haka ba.”

Da Mai Gwangwani ta gyaɗa kai, da magana ta mutu a nan. Amma ta dubi bandejin nan ta kasa.

“Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Goma ne, duk korayen. Da sanina na bar su. Gajiya ce ta sa ni, amma ni na yi.” Ta juya ga matar ta durƙusa. “Ki yafe mini, ƙanwata.”

Matar ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zage ta ba. Ta goya jaririnta ta fita.

Suka zazzage kayan shagon. Shida na nan ba a saya ba, ga na matar, bakwai ke nan. Biyu Hajiya ta san waɗanda suka saya: wata malamar makaranta da wata mai kitso. Mai Gwangwani ta taka da ƙafarta har inda suke, ta faɗi abin da ta yi, ta karɓo. Mai kitson sai da ta wanke ta tas a gaban mutane, ita kuwa ta tsaya ta shanye.

Tara ke nan. Saura ɗaya.

“Wata ce mai wucewa,” in ji Hajiya. “Ko fuskarta ban riƙe ba. Na dai ji tana cewa za ta kai wa 'yar'uwarta da ta haihu.”

Hajiya ba ta daina karɓar kayanta ba. Ta ce wadda ta tona kanta alhali an ba ta hanyar fita, ba a rabuwa da ita. Sana'a ta ci gaba, har ta fi da.

Amma yau wata takwas ke nan, in Mai Gwangwani ta shiga mota ko ta ratsa kasuwa ta hango mace da goyo, sai ƙafarta ta tsaya. Ba ta kallon fuska, ba ta kallon zane. Kunne take dubawa. Har yanzu ba ta gan shi ba, kuma ba ta daina dubawa ba.

Darasi: Gefen aikin da kuke cewa ba mai gani, akwai wanda shi kaɗai zai taɓa, kuma sau da yawa shi ne mafi rauni. In kun gaji, ku ajiye aikin ku huta, ko ku ce ba zai samu yau ba. Kada ku rufe shi da fenti. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani.