Tuwon Ƙasar Tasalla

An yi wani bawan Allah a wani ƙauye, tun zamanin kakanni, ana ce masa Malam Tanimu. Sana'arsa tukar igiya a gindin durumin ƙofar gidansa, kuma duk yaron da bai isa makaranta ba, wurinsa yake wuni. Su kwaɓa tuwon ƙasa a sakaina, su yi miyar ganye, su kawo masa. Sai ya ajiye igiya, ya ce a kawo ruwan wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya kai hannun dama kusa da baki, ya yi ta taunar iska. Ya tambayi malmala nawa aka tuƙa, mutum nawa za su ci, wa aka manta. A nan suka koyi gaisuwa, suka koyi ƙirga, suka koyi rabo, ba bulala ba tsawa.

To, ku saurara. Akwai 'yar maƙwabcinsa, Tasalla, wadda tun da mahaifiyarta ta rasu ta daina magana. An yi addu'a, an yi lallashi, shiru. Ubanta har ya fara fid da rai. Kullum sai ta tsaya can gefe tana kallo. Malam ya hana yara matsa mata, sai dai ya ajiye mata sakaina kusa da ƙafarta ya koma kan igiyarsa.

Rannan dagaci ya aiko dattawa su duba ko Malam ya dace da sarautar mai unguwa. Matar Malam ta roƙe shi, yau ɗaya dai ya kama girmansa. Ya ce ya ji, har ya sa babbar riga.

Ana cikin gaisawa, sai ga Tasalla da sakaina a hannu, tana tafe a hankali kar miya ta zube. Ba ta taɓa kawowa ba, jama'a, ba ta taɓa ba. Wani baƙo ya ɗaga hannu zai kore ta. Malam ya riga shi, ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla. Zai sa hannu ke nan, yarinya ta riƙe masa riga.

"Baba, da zafi."

Malam ya sunkuya yana hura tuwon ƙasa a gaban baƙi, hawaye na zuba a gemunsa. Ya ce, "'Yata, wa ya koya miki miya mai daɗi haka?"

Ta ce, "Inna."

Baƙi suka koma suka ce tsufa ya fara taɓa shi, aka ba wani unguwar. Malam ko a jikinsa. Wunin nan Tasalla ta yi ta ba shi labarin innarta, ubanta yana bayan zana yana ji, ya kasa fitowa don kuka.

'Yan'uwa, wasan yaro karatunsa ne, wani lokacin ma maganinsa ne, kuma tausayin ƙaramin yaro ba ya rage wa babba mutunci. Mu fa? Yaro ya kawo mana motar kara, mu ce ya kauce muna da baƙi. Yau in kun koma gida, ɗanku ya miƙo muku abin da ya ƙera, ku ajiye abin da ke hannunku ku karɓa. Ba ku san tun yaushe yake tara ƙarfin halin kawowa ba. Allah Ya sa mu ji tausayin na ƙasa da mu.