Wa Ya Fara Cewa "Rawaninka Ya Iso"?

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan fatake, an yi wani zagi da ya cika gari. In mutum ya cika girman kai ga wauta, sai a ce masa, "Rawaninka ya iso, kanka yana hanya." Duk fada babu mai son maganar nan kamar Waziri Jatau. Da ita yake kunyata hakimai, fadawa su yi ta dariya.

Ran nan Sarki ya ce, "Waziri, maganar nan ta daɗe tana ba ni dariya. A nemo mini wanda ya fara faɗarta, in yi masa kyautar saniya da tufafi."

Da aka yi shela sai Sarkin Makaɗa ya ce tasa ce, wani falke ma ya rantse daga bakinsa ta fito. Waziri ya ware su, ya tambayi kowa, "Wa ka fara faɗa wa, kuma me ya yi maka?" Sarkin Makaɗa ya kama inda-inda. Falken kuwa ya sunkuyar da kai ya ce a marina ya ji. Marina suka ce wata tsohuwa ce mai kawo musu daddawa daga bayan ganuwa.

Waziri ya hau doki. Tun kafin a nuna masa gidan ya gane shi, don ya san dangar nan, ya san tsamiyar da ke ƙofa. Gidan yayarsa Delu ne, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Rabonsa da ita tun naɗinsa.

Ya yi sallama da ƙyar. Ta dube shi, ta ci gaba da dakanta.

"Yaya, an ce maganar nan taki ce."

"Tawa ce."

"Wa kika faɗa wa?"

"Kai, Jatau. Ranar da aka naɗa ka na zo da ƙwaryar fura in yi maka murna. Ka hango ni, ka ce wa dogari a sallami mai talla. Ina juyowa maƙwabta suka ce yaya na baro ƙanena. Abin da na gaya musu ke nan."

Waziri ya tuna fuskokin hakiman da ya sa aka yi wa dariya. A hanya ya yi ta saƙawa a ransa ko ya ce wa Sarki mai maganar ya rasu. Amma marina sun riga sun sani.

Da ya isa fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an samo ta. Yayata ce, kuma ni aka zaga." Ya zayyana kome, idonsa a ƙasa.

Sarki ya ce, "Sarkin Makaɗa da falke, su gyara mata danga, ladan ƙaryarsu. Kai kuwa Waziri, kai za ka ja saniyar da ƙafarka, ka bi ta tsakiyar kasuwa."

Haka ya ratsa kasuwa da rana tsaka, igiya a hannu, mutane na buɗa masa hanya suna kau da kai. Da ya isa ya durƙusa a bakin ƙofa.

Delu ta kalle shi ta ce, "Ɗaure ta a inuwa, ka shigo. Ka rame."