Jatau da Baƙuwar Hanta

An yi wasu ɓeraye biyu a ɗakin binciken likitoci, inda ake nazarin abin da ke sa jiki ya ƙi hantar da aka dasa masa. Akwai Marka, 'yar toka-toka mai taurin kai, da Jatau, fari tas, mai girman kan tsiya. Kejinsu na jingine da na wani tsohon zomo matsoraci.

Rana ɗaya aka yi wa su biyun aiki. Likita ta cire musu hantarsu, ta dasa musu ta wasu jajayen ɓeraye. Kullum da safe sai ta ajiye wa kowa ɗan dunƙulen abinci mai magani, don sojojin jiki su lafa, kada su far wa baƙuwar.

Marka ta lamushe nata duk da ɗaci. Jatau kuwa ya tono ɓuntun da aka shimfiɗa musu ya binne nasa.

"Yaya Jatau, lafiya?" in ji Marka.

"Ni? Ni zan zauna da hantar jan ɓera? Kakannina arba'in ba a taɓa gauraya jininmu ba! Jikina zai kore ta. Ke ma in kina da zuciya, tofar da shi."

"Ba zan tofar ba."

"Ke yarinya, bi babba mana," in ji Zomo. "Kada ki jawo mana fitina."

"Baba Zomo, cikinka aka yanka ko nawa?" Marka ta miƙe, ɗinkin cikinta na yi mata zafi. "Ban roƙi a yanka ni ba, amma tunda an yi, wallahi sai na rayu. Wanda ya ba ni hantar nan ransa ya bayar. Tawa ce yanzu!"

Daga ranar Jatau ya sa mata suna Mai Hantar Aro. In ta zo shan ruwa sai ya tare wajen. Abin ya yi wa Marka ciwo ƙwarai, amma ko sau ɗaya ba ta bar maganinta ba. A gabansa ma take ci, tana tauna da ƙarfi don ya ji.

Ran nan, kwana na bakwai, Marka ta dube shi da kyau. Kunnuwan nan nasa da wutsiya sun koma ruwan ɗorawa, shawara ta kama shi. Amma shi murna yake yi.

"Kin gani? Ina jin yaƙin a cikina. Saura kaɗan sojojina su fatattake ta, in koma kan tawa."

"Wace taka?"

"Hantata mana, ta gado!"

"Kai, Yaya Jatau! Ashe ba ka sani ba? An cire ta tun ranar farko. Wannan da kake kora ita kaɗai gare ka."

Jatau ya dubi Zomo. Zomo ya sunkuyar da kai.

Nan fa ido ya raina fata. Ya ja jiki ya shiga tonon ɓuntu, ya zaƙulo dunƙulen nan bakwai, ya hau cusawa a baki. Ina! Sojojinsa sun riga sun gama aikin da ya sa su. Marka ta ji tausayinsa, ta matso ta tallafe masa kai.

"Ƙanwata," ya ce da ƙyar, "taki ba ta yi miki ciwo?"

"Mun zama hanta da jini," in ji ta.

Kafin azahar likita ta zo ta ɗauke gawar Jatau. Marka kuwa ta kai kwana ɗari tana tsalle a kejinta, kuma da abin da aka gano a jikinta aka taimaki mutane.

Darasin wannan labari shi ne, kada girman kai ya sa ka kori baƙon da ya zo taimakonka. Kafin ka nuna masa ƙofa, duba ka gani ko shi ne ke riƙe da ranka.