Karfasa da Ɗanyen Ruwan Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Gizo ne dai ya tashi da sabon iyayi. Wai shi yanzu ya wuce cin kifi, kifin kallo yake so a tsakar gida, baƙi su zo su gani su ce ya waye. Ya sayo sabuwar kwatarniya, ya cika ta da ruwan rijiya garai-garai, ya tafi rafi da koma ya kamo Tarwaɗa da Ƙurungu da Karfasa, ya antaya su ciki.

To ita Karfasa, kun san a baki take goyon 'ya'yanta. Ranar ma bakinta cike yake da su. Tana faɗawa ta ji ruwan ɗanye ne, ba laka, ba gansakuka, ba ko ƙamshin rafi. Irinsa kashin kifi kaɗai ke mayar da shi guba, don ba abin da zai cinye dattin. Kafin a jima Ƙurungu ya juya ciki sama, Tarwaɗa mai taurin rai ma ta fara haki. Karfasa ta ce a ranta, manya ma ke nan, ina ga jarirai? Ta datse baki.

Ƙoƙi matar Gizo ta leƙa ta ce, "Maigida, waccan mai kumburin kumatu 'ya'ya ta ƙunsa."

Gizo ya yi tsalle. "Ashe gayken kifi na shamu! Bayi in sha ta magana, shu zubo."

Ya durƙusa ya ce, "Shalamu alaikum, Kayfasha. Ina kwana?" Kun san nauyin sallama, ko maƙiyinka ne sai ka amsa. Kunya ta kama ta har cikin ƙaya, amma ta ƙura masa ido ta yi gum.

Ya koma kirari, ya ce ita ce tauraruwar rafi. Ta yi gum.

Ya koma zagi, ya ce uwarta ma ba ta da tarbiyya. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, ta ji amsa ta taso har maƙogwaro. 'Ya'yan suka motsa a kan harshenta, ta haɗiye fushin.

Ga yunwa, don mai goyo a baki ba ta cin komai. Gizo ya watsa tsaki a gabanta, ta juya masa wutsiya.

Ana nan, sai ɗan taɓon rafi ya ɓantalo daga komar da Gizo ke shanyawa, ya faɗa ruwan. Karfasa ta ji ƙamshin gida. Maimakon ta matsa kusa, sai ta zabura gefe tana fafur-fafur kamar an watsa mata barkono.

Gizo ya tuntsire da dariya. "Au, taɓo kike tsoyo? Yau za ki ga tsiya!"

Ya ruga rafi ya kwaso laka ya zuba. Ta yi fafur-fafur. Ya koma ya ɗebo tsohon ruwan gefe mai kore ya tuttula. Ta ƙara. Ya koma ya yayumo kainuwa ya rufe mata kai, ya ce ta zauna cikin ƙazanta har ta tuba.

Ta zauna. Ruwa ya yi duhu, ya yi wari, sannan a hankali ya kwanta ya washe. Gansakuka ta kama jikin kwatarniya, Tarwaɗa ta daina haki. Ita kuwa ta rame, kai ya fi jiki. Sai da ta tabbata ruwan ya nuna, ta buɗe baki. Yara suka fito yuuu, ba wanda ya juya ciki.

Gizo ya bugi ƙirji. "Ƙoƙi, zo ki gani, na hoye ta!"

Karfasa ta ɗago da ƙyar, murya a dishe, ta ce, "Gizo, kai ka yi dakon lakar, ni na zaɓi ranar. Da ruwan nan bai nuna ba, gawata za ka tsamo, bakina a rufe."

To, kun ji. In kun san abu zai cuci na hannunku, kada sallama ko yabo ko zagi su sa ku sake shi, ko wane ne ke matsa muku. Sabon wuri kuma a bar shi ya nuna kafin a zuba masa rai.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa.