Daga Gindin Taga zuwa Gindin Bokiti

Akwai wani manomi da aka jefa a kurkuku saboda rikicin iyakar gona, ya yi shekara da shekaru yana jiran shari'ar da ba a kira ba. Ɗakin da aka kulle shi, domin mutane kaɗan aka gina shi, amma aka cusa jama'a har ba mai iya miƙe ƙafa. Taga ɗaya ce tak, ita ma ba ta fi faifai ba.

To, ɗaurarrun nan suna da ƙa'ida. Sabon shiga a gindin bokitin bahaya yake zama. In an saki wani, ko an fitar da gawa, sai kowa ya matsa gaba kaɗan. Da haka manomin ya yi ta matsawa, furfura tana cin kansa, har ya kai ga taga. Ya shaƙi ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya jiƙa, sai hawaye.

Ana nan sai gandiroba ya turo wani mai ciwon ƙirji, aka zaunar da shi a gindin bokiti. Kafin rana ta take tsaka numfashinsa ya soma sarƙewa. Aka bubbuga ƙofa, gandiroba ya ce asibitin ma a cike yake.

Manomin ya ce wa shugaban ɗaki, "A kawo shi nan."

Shugaban ya ce, "Baba, ka san doka. Ba a aron taga. In ka tashi, bokiti ne wurinka."

Wani ya fashe da dariya ya ce, "Tsoho ya yi kewar wari!"

Manomin ya daɗe yana duban tagar, sa'an nan ya ce, "Na sani. Ku kama ni in tashi, gwiwa ta ƙi."

Mai ciwon ya rayu. Bayan watanni aka sake shi, ya fita ko waiwaye bai yi ba. Manomin kuwa, daga gindin bokiti, ya matsa gaba kaɗan.

Ma'anar wannan misali ita ce, ya ku ƙaunatattu: ɗakin nan duniya ce, taga kuwa ita ce ɗan jin daɗin da mutum ya sha wuya kafin ya samu. Mu da muka ga jiya muka ga yau, mun gaji da ganin masu ba da abin da ya yi musu yawa suna jiran tafi. Ubangijinmu bai ba da aron mazauninsa ba. Barinsa ya yi, ya sauko inda wari yake, da yawanmu kuwa ba mu waiwaya ba. Saboda haka ku tuna da ɗaurarru, ku ziyarce su. Kowannenku kuma ya tambayi ransa: wa ke shaƙewa a bayana, ni kuwa ina gindin taga?