Bidiyon Inna da Ba a Gama Gyarawa Ba

Akwai wani mai ɗaukar hoto, auta ne a gidansu. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, labule shuɗi a bango, sai kwamfuta a kan tebur. Ya iya aiki, wannan ba a ja. Amma fa ba a gaya masa magana.

Innarsa ba ta son kyamara. Da ya ɗaga sai ta juya baya ta ce, "Kai, ɗauke min wannan idon naka." Sau ɗaya tak ta yarda, lokacin da jiki ya fara ƙi. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta yi ta magana har ta gaji, shi yana ɗauka. Ya juye bidiyon a kwamfuta, ya goge katin kyamarar don yana da aiki washegari.

Maƙwabcinsa mai gyaran kwamfuta ya sha ce masa, "Ka sa manhajar nan da ke kwafe aikinka kullum zuwa wani faifai na waje."

Sai ya yi dariya. "Malam, ka dai ce ciniki kake nema. Ai kwamfutar da nata ta zo. In ta rikice, dannawa ɗaya nake in mayar da ita yadda take jiya."

Kuma ya sha yi, tana tashi garau. Abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan.

Inna ta rasu. Yayarsa mace ta ce, "Auta, turo min bidiyon nan."

"Yaya, sai na gyara. Hasken bai yi ba. Ni ba na fitar da ɗanyen aiki."

"Uwata nake son gani, ba haske ba."

"Ki dai ƙara haƙuri."

Wata safiya ya kunna kwamfutar, sai wani ƙas-ƙas a cikinta, allo baƙi ƙirin. Ya nemi wurin dannawar nan tasa, babu. Ya rungume ta kamar jariri ya shiga shagon maƙwabci.

Mai gyara ya buɗe, ya gwada nan, ya gwada can, ya aika da faifan cikinta wurin waɗanda suka fi shi kayan aiki. Aka dawo da shi. Mai gyara ya ce, "Faifan ya mutu, ɗan'uwa. Abin da kake taƙama da shi a cikinsa yake zaune, tare suka tafi. Dama shi kwamfutar yake gyarawa, ba ajiyar hotunanka yake yi ba."

Da ƙafarsa ya je gidan Yaya. Ya same ta tana ninke wanki, ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye rigar hannunta ta ce, "To zauna. Kai da kake wurin, faɗa min abin da Inna ta ce."

Ranar da ya ɗauki bidiyon, hankalinsa na kan inuwar da ta faɗo wa Inna a fuska. Bai saurara ba. Ya bari sai ya zo gyara.

Darasi: Jikokina, abin da ke gyara kwamfuta daban, abin da ke adana kayanka daban. Duk abin da ba za ka iya sake samu ba, kwafe shi waje yau, ka ba ɗan'uwanka ko bai yi kyau ba. Ku tura wa mai taurin kan gidanku, kun san shi.