Ƙarar da Ɗanbala Ya Kai a Filin Malaz

Akwai wani ɗan tsere mai suna Ɗanbala, mutumin Gusau. Ku yi haƙuri da ni yau, mabiya wannan shafi, don duk sanda na tuna labarinsa sai raina ya ɓaci.

A shekarar 1987 aka gayyaci wata ƙaramar tawagar masu tsere daga Najeriya zuwa gasa a Riyad. Ɗanbala gudun mita ɗari huɗu yake yi, kuma an faɗa masa idan ya yi nasara a nan, shi za a tura babbar gasar Afirka. Shekara tara yana jiran wannan dama, tun yana gudu ba takalmi a bayan makarantar garinsu.

Shugaban tawagar wani ne wai shi Alhaji Musbahu. Mutumin da ko ruwan sama ya tsuge ba ya ɗaga ƙafa, shi aka ɗora a kan masu gudu. Fasfo ɗin kowa yana cikin jakarsa.

Saura kwana biyar a yi gasa, Alhaji ya ɗauke motar tawaga ya tafi kasuwa sayen firji da dardumai. 'Yan wasa kuwa aka loda su a bayan a-kori-kura kamar buhunan albasa, za a kai su atisaye. A wata kwana direba ya taka birki, Salmanu ya faɗo. Salmanu mai tsallen nesa ne, kuma aminin Ɗanbala. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata.

Kuna tsammanin asibiti aka kai shi? Ina! Alhaji ya san idan aka je asibiti za a tambayi abin da ya kai 'yan wasa bayan a-kori-kura. Sai ya sa aka kai Salmanu Sulay, unguwar ma'ajiyar kaya da ɗakunan leburori, aka kwantar da shi a wani ɗaki, aka kira wani mai cewa ya iya ɗori. Ga masu masaukin baƙi kuma ya ce Salmanu ya tafi Umra. Ku ji fa, ƙarya har da ɗakin Allah!

Kwana uku da faruwar abin Ɗanbala ya je duba shi. Tun daga bakin ƙofa ya ji wari. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, jikin Salmanu zafi rau. Ya dawo ya sami Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ƙafar Salmanu tana ruɓewa. Ka ba ni fasfo ɗinsa in kai shi asibiti."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai likita ne? Gudu aka kawo ka yi. Ka sake ta da maganar nan, gobe ka ga kanka a jirgi."

Ɗanbala ba ya jin Larabci sai na salla. An kuma hana 'yan wasa magana da kowa sai ta bakin Alhaji. To wa zai gaya wa?

Ranar gasa, bayan la'asar, filin wasa na Malaz ya cika. Aka harba bindiga, Ɗanbala ya fita kamar an sako shi daga ɗaure, ya bar na biyu da taku biyar. Aka rataya masa lamba, aka ɗaga tuta, aka sa taken Najeriya.

Kowa ya miƙe tsaye. Ɗanbala kuwa ya sauko daga dandamali, ya fuskanci tuta, ya durƙusa gwiwa biyu. Ya sunkuyar da kai, ya buɗe tafin hannunsa a gaba. Haka ya zauna har aka gama take.

Fili ya ɗauki guna-guni. Larabawa suka zaci jiri ne ya kwashe shi. Alhaji Musbahu kuwa har hularsa ta karkace, yana ta ihu, "Ya ci mutuncin ƙasa! Ya ci mutuncin ƙasa!"

Amma cikin 'yan kallo akwai wani likitan ƙashi, Dakta Nuru, mutumin Azare da ke aiki a wani asibiti a Riyad. Shi ya san abin da ya gani. A wurinmu mutum ba ya irin wannan durƙuso sai gaban babba, ko gaisuwa ko kai ƙara. Mai gaisuwa kuma ba ya daɗewa haka da hannu a buɗe. Ya ratsa mutane ya sauko, ya dafa kafaɗar Ɗanbala.

"Ɗan'uwa, ƙarar wa ka kawo?"

Ɗanbala ya ɗago, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ɗan'uwana yana Sulay, ƙafarsa tana ruɓewa."

Kafin magariba motar asibiti ta ɗauko Salmanu. Da masu masaukin baƙi suka tambayi fasfo, sai ga shi ya fito daga jakar Alhaji ba gardama.

Za ku ce ai shi ke nan, gaskiya ta yi halinta. Ku tsaya tukuna.

Washegari kocinsu, Malam Mahamadu, ya zo wa Ɗanbala da takarda. An rubuta cewa jiri ne ya kayar da shi a fili, kuma Salmanu wajen yawonsa ya faɗi ya karye.

"Sa hannu, ka je ka ba Alhaji haƙuri," in ji kocin. "Ya yi alkawari sunanka zai shiga gasar Afirka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ɗana."

Ɗanbala ya daɗe yana kallon takardar. Shekara tara ce a cikinta. Sannan ya miƙa masa abarsa.

"Malam, jiya ƙasata na durƙusa wa, don ita ce uwa, ita na kai wa ƙara. Wadan nan kuwa ba zan durƙusa masa ba. In na sa hannu, na ce Salmanu shi ya karya kansa."

Alhaji ya rubuta rahoto gida. Aka soke sunan Ɗanbala, aka hana shi shiga kowace gasa. Wata jarida ta buga cewa ɗan tsere ya wulaƙanta take a ƙasar waje, ba ta ko tambayi dalili ba. Abokan da suke cin abinci kwano ɗaya da shi suka riƙa kauce masa, kada abin ya shafe su. Alhaji kuwa ya koma gida da firjinsa, har ƙarin girma aka yi masa. Wallahi nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Wanda ya ɓoye ɗan ƙasa a ɗakin leburori shi ne mai kishin ƙasa, wanda ya tona shi ne maci amana?

Dakta Nuru ne ya nema wa Ɗanbala kafili, wato Balaraben da zai tsaya masa, ya sami iƙama, takardar zama. Ɗanbala ya zama direban wani kamfani a unguwar Ulaya da ke Riyad. Ƙafar da ta fi ta kowa sauri a filin Malaz ta koma taka birki da totur.

Salmanu ya sha aiki uku a ƙafa, ya yi wata shida yana jinya. A cikin watannin nan aka yi gasar Afirka. Ɗanbala ya ji sakamakon a rediyon mota, ya ji lokacin da wanda aka tura a madadinsa ya yi, ya san ko a atisaye ya fi haka. Ya kashe rediyon.

Ranar da aka sallami Salmanu, Ɗanbala ya je ɗaukarsa. Sai ga shi yana saukowa daga matakalar asibiti da ƙafafunsa, yana ɗan ɗingishi, ba sanda. Da ya iso ya riƙe hannun amininsa ya fashe da kuka.

"Dakta ya ce da an ƙara kwana biyu, da sai an yanke ta. Amma kai fa? Na cinye maka gudunka, Ɗanbala."

Ɗanbala ya buɗe masa ƙofar mota.

"Kai da ni ƙafa huɗu muka zo da su ƙasar nan. Ƙirga ka gani, huɗu ne har yanzu. Shiga mu tafi."

Bai sake gudu a wata gasa ba har ya tsufa.

Darasi: Kishin ƙasa ba tsayuwa ƙiƙam ba ne lokacin da ake take. Ƙasa mutane ce, kuma wanda ya rasa abin da ya fi so don ya ceci ɗan'uwansa ya fi mai ihun "ya ci mutuncin ƙasa" ƙaunarta. Kafin ka zagi wanda ya durƙusa, tambaye shi ƙarar wa ya kawo. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin yanke hukunci kafin su ji ba'asi.